Bugu Biyu a Gefen Dandamali

Evaristo Zamudio yana gyaran blenda da tukunyar tururi a wata kasuwa a Neza, gefen birnin Mexico. Rumfarsa tana layin ƙarshe, daura da masu sayar da busasshen barkono, shi ya sa duk wanda ya zauna wajensa sai ya yi atishawa. Idan zai zauna, sai ya kama ƙafarsa ta hagu da hannu biyu ya ɗora ta a kan kifaffen bokiti. Kunnuwansa sun murɗe kamar an tauna su. A da mutanen layin sun ɗauka faɗan giya ne ya mayar da su haka, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba.

Sama da shekara talatin ya yi yana kokawa ranar Lahadi a ƙananan gidajen wasa, cikin baƙar hular fuska mai jan baki. Sunansa a can Ungulu. Abokin haɗinsa, Refugio Balderas, wanda kowa ke kira Cuco, shi ne Mujiya. Miyagu ne su biyun, wato ɓangaren da ake biyan kuɗin shiga don a zage su. Babban kamfani bai taɓa ɗaukarsu ba, ba su kuma taɓa fitowa a talabijin ba. Sun yi wasa a filin ajiye motoci, a harabar coci ranar bikin waliyyi, da kuma gidan wasa na Santa Brígida, wani tsohon sito mai rufin kwano inda na fi saninsu. Na daɗe ina rubuta labarin waɗannan wasanni a wata ƙaramar jarida, kuma zan iya cewa ba su fi kowa iyawa ba. Abin da suke da shi shi ne ba sa makara, ba sa ji wa yaran mutane rauni, kuma hulunansu ba su taɓa faɗuwa ba.

Wannan na ƙarshen shi ne dukiyar Evaristo. Ɗan kokawa yakan sa hularsa a caca da ta wani. Wanda aka kayar zai cire ta a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na gaskiya, ya miƙa ta ga wanda ya ci shi, kuma ya rabu da ita ke nan. Ungulu ya sa tasa sau da dama, kullum yana komawa gida da ita a kansa. Ya yi wa 'yarsa Nayeli alkawarin ita zai ba wa. Nayeli tana aiki a kantin magani, da yamma tana atisaye, ranar Lahadi kuma tana buɗe wasa da wata hula mai ruwan goro da ta saya a bakin titi. Cuco ne ya riƙe ta ranar baftisma, don haka ita tana kiransa padrino, wato uban baftisma, shi da Evaristo kuma suna kiran juna compadre, sunan da uban yaro da uban baftisma suke kiran juna.

A kokawar biyu-biyu ta nan ba dole ba ne ka taɓa hannun abokinka kafin ya karɓe ka. Da zarar ka fita daga igiya ka sauka ƙasa, shi ne a ciki. Wannan doka ce ta tsawaita wa Evaristo aiki. Tun da gwiwarsa ta goce a wani wasa a Pachuca, duk lokacin da ta ƙi ɗaukarsa sai ya mirgina ta ƙarƙashin igiyar ƙasa, ya kwanta a siminti, ya rufe ido ya yi numfashi, Cuco ya shiga. 'Yan kallo suna ganin tsoro ne, su yi ta ihun "Matsoraci!", kuma hakan ya dace da mugu.

Daga baya ciwon suga ya fara cin idon Cuco. Ya bar tuƙin bas, ya koma taya ƙanwarsa aiki a shagon tortiya, gurasar masara ta can. A dandamali yana ganin mutum in ya zo kusa, amma daga wannan kusurwa zuwa waccan sai inuwa. Wata Lahadi Evaristo ya mirgina waje, Cuco bai gani ba, yana nan tsaye riƙe da igiya. Sai Evaristo ya ɗaga hannu daga ƙasa ya bugi gefen dandamalin sau biyu da tafinsa. Cuco ya ji, ya shiga. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Daga ranar haka suke yi.

A farkon damina Cuco ya zo rumfar da tamal biyu, irin alalar masara, a takarda, ya laluba ya zauna a benci.

"Compadre, na gaji," in ji shi.

"Kai ai a gajiye aka haife ka. Miƙo min mai barkonon."

"Da gaske nake. Ranar Lahadi Tiburcio, alƙalin wasa, na runguma na ɗaga sama. Na ɗauka yaron nan ne mai wando ja."

"Da ka maka shi da ƙasa. Tiburcio ya daɗe yana nema."

Cuco bai yi dariya ba. Ya ce ragar da ke idon hularsa, a da yana kallon mutane ta cikinta, yanzu ragar kawai yake gani. Yana so ya cire ta ya huta. Don Melquíades, mai shirya wasa a Santa Brígida, ya yi masa tayi: gasar biyu-biyu ta masu hula zalla, irin wadda wanda aka kayar ne yake wucewa gaba. Haɗi takwas za su fara. Duk haɗin da ya yi nasara ya tsira, ya je ya yi wanka. Wanda ya faɗi ya sake hawa. Haɗin da ya faɗi a ƙarshe, su biyun za su juyo su fuskanci juna, hula da hula.

"Ya ce in zaɓi yaron da zai cire min," in ji Cuco. "Na ce ba zan ba wa ɗan jiya fuskata ya rataye a ɗakin budurwarsa ba. Kai za ka cire min."

Evaristo ya daɗe yana juya wata dunƙulalliyar roba a hannunsa. Ya ce, "Wato mu faɗi sau uku, sannan in hau in doki makaho."

"Makahon da ya riƙe maka 'ya a coci. Ka ci tawa, ka ƙara a kan waɗanda ka ci, sai ka miƙa wa yarinya taka da nauyinta. Me ya fi wannan?"

Da labari ya kai gida, Doña Chayo, matar Evaristo, ba ta ɗago daga wankin wake ba. Ta ce, "Kokawa huɗu a yini ɗaya? Da wace ƙafar? Ka gaya wa Melquíades ya haɗa da amalanken da za a dawo min da kai."

An tsara komai a ɗakin canza kaya, kamar yadda ake yi kullum. Wasan ƙarshe zai zama gajere. Za su ɗan yi musayar duka, Mujiya ya yi kamar zai ci, sannan Ungulu ya murɗe masa hannu ta baya, Mujiya ya sallama. Tiburcio, alƙalin wasa, ya sani. Wanda bai sani ba shi ne wakilin hukumar kokawa, wanda yake zama kusa da likita a gaban dandamali. Ba a gaya masa, ba ya tambaya, amma abin da idonsa ya gani shi yake tabbatarwa.

Ranar Lahadin rana ta buɗe bayan ruwan safe, rufin kwanon ya ɗauki zafi. Wurin ya cika har kan matakala. Ina layi na biyu, bayan tsofaffin matan da suke zama a gaba tun kafin a haifi rabin 'yan wasan.

Wasan farko ya tafi lafiya. Suka faɗi, aka yi musu ihu, suka zagi jama'a suka sauka. A na biyu wani yaro mai hula shuɗiya ya yi tsalle daga saman igiya zuwa waje. Aikin Evaristo ne ya tare shi. Ya tare shi, yaron ya tashi garau, amma nauyin duka ya sauka a kan ƙafar hagu. Na ga Evaristo ya dafa kujerar wani kafin ya miƙe.

Na leƙa ɗakin canza kaya kafin na uku. Nayeli ta durƙusa tana naɗe gwiwar da bandeji, gwiwar ta kumbura ta yi sheƙi.

"Baba, wannan ba ƙafa ba ce, kankana ce," in ji ta.

"Ɗaure kawai, likita."

"A gaya wa Don Melquíades a gajarta na ukun."

"Kowanne gajere ne, 'yata. Faɗuwa muka zo yi, ba wani abu ba."

Cuco yana zaune a gefe da hularsa a ɗage zuwa hanci, yana shan ruwa. Ya ce, "Ki bar shi. Ni ne nake mutuwa yau, amma shi ake jinya."

"Padrino, kai ma ka sha maganinka?"

"Na sha. Ko na babanki na sha, ban gani ba."

A wasa na uku Evaristo ya mirgina waje har sau uku, kowane karo da bugunsa biyu, Cuco ya ɗauki kusan dukan aikin. Suka faɗi. Mai sanarwa ya hau ya ce abin da kowa ya zo ji: Ungulu da Mujiya, abokan shekara talatin, yanzu ɗaya zai tuɓe ɗaya. Aka ba su ɗan lokaci su sha ruwa a kusurwa biyu masu fuskantar juna. Nayeli ta tsaya a ƙasa a kusurwar babanta da tawul a kafaɗa.

Suka fara. Duk wanda ya san aikin ya ga cewa a gajiye suke, suna jingina da juna fiye da yadda suke tura juna. Matan gaba ba su raga musu ba.

"Ungulu! Ka tsufa, ko mushe ba ka iya yaga!"

"Mujiya, ga shi nan a gabanka, me kake lalube?"

Sai Cuco ya jefa shi igiya, kamar yadda aka tsara, don ya dawo su yi karo. Evaristo ya taka da hagu, ƙafar ta lanƙwashe. Ya faɗi a gefen da nake. Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokacin da zan ɗauka ina faɗinsa ba. Ya mirgina ta ƙarƙashin igiyar ƙasa, ya sauka a siminti, ya ɗaga hannu ya bugi gefen dandamalin sau biyu. Sannan ya kwanta rigingine. Ta ramukan hular na ga idonsa a rufe.

A sama kuma Cuco ya ji bugun. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwa, ya fara zagaye tsakiyar dandamalin a hankali yana neman abokin gaba, kamar yadda yake yi duk Lahadi in ya karɓi wasa. Babu kowa a ciki sai shi da alƙali.

A wasan ɗaya-da-ɗaya, wanda ya fita waje ana ƙirga masa ashirin, in bai dawo ba ya faɗi. Tiburcio ya fara ƙirga, yana ja, yana tsayawa ya kori mai ɗaukar hoto, yana waiwayen Cuco. Da farko jama'a dariya suke yi, sun ɗauka wasa ne irin na Ungulu. Sai wasu samari a sama suka karɓi ƙirgar, sauran suka bi. Da ɗaruruwan mutane suka haɗa baki, ƙirgar ta fita daga hannun Tiburcio. Su suke faɗi, shi yana bin su da hannu. Wakilin hukuma ya miƙe tsaye.

Nayeli ta zagayo a guje. Ba ta da ikon taɓa shi, in ta taɓa an kore shi, duk ɗaya ne. Ta durƙusa dab da kunnensa.

"Baba! Baba, tashi! Babu mai karɓarka! Da padrino kake yi!"

Ya buɗe ido. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya juya ya kama ƙyallen gefen dandamali, ya ja jikinsa, ya kai gwiwa ɗaya, ƙafar hagu ta ƙi. An kai sha huɗu.

Muryar Nayeli ce ta farkar da Cuco. Ya ruga igiya ya zura hannu waje, amma ya nufi gefen kusurwar da suka saba tsayawa, inda babu kowa.

"Padrino, nan! Hagunka! Hagunka!"

Ya bi igiyar da hannu ya zo, ya kwanta a cikinsa, ya miƙo hannu ƙasa yana lalube. Evaristo ya miƙa nasa. Yatsunsu sun haɗu. Jama'a suka ce ashirin, Tiburcio ya sauke hannu, aka kaɗa ƙararrawa.

Don Melquíades ya fito daga baya yana haki, ya tsaya gaban wakilin hukuma yana magana da hannu biyu, wai a sake, wai ba a yanke wasan hula da ƙirga. Mutumin ya girgiza kai. Jama'a sun riga sun fara: "Hula! Hula! Hula!" Evaristo, wanda aka tallafa aka zaunar a bakin dandamali, ya kira shi.

"Don Melquíades, bari. Sun gani."

Aka ɗaga shi ciki, aka kawo kujera domin ba zai iya tsayuwa ba. Ya nuna Nayeli. Ita ta tsaya a bayansa ta kwance igiyar hular, rami bayan rami. Ya sunkuya ya zare ta da kansa. Ga furfura jiƙe da gumi, ga shatin ɗinki a kumatu. Mai sanarwa ya kara masa makirfo. Ya ce sunansa Evaristo Zamudio Olguín, haifaffen Tulancingo, shekararsa hamsin da bakwai, talatin da biyu daga ciki a wannan aiki.

Sai ɗaya daga matan gaba, wadda ta fi kowa zaginsa, ta dafa ƙirji.

"La! Ashe mai gyaran blenda ne! Kai, Don Eva, tukunyata tana wajenka tun watan jiya!"

"Robar ce ba a samu ba, Doña," in ji shi, makirfon yana bakinsa. Aka fashe da dariya, sannan aka yi tafi mai tsawo. Ya miƙa hular ga Cuco. Cuco bai ga ana miƙo masa ba, sai da Tiburcio ya kama hannunsa ya ɗora a kai.

Kwanaki bayan haka na tambayi Cuco abin da kowa yake tambaya. Me ya sa bai diro waje shi ma ba? Da an ƙirga su tare, da an sami hanyar sake wasan. Yana tsaye a bakin injin tortiya yana jera su a takarda. Ya ce tun ranar yake tambayar kansa.

"Bai zo min ba," in ji shi. "In ya fita, ni nake ciki. Ban taɓa barin dandamali babu kowa ba. Ko a mafarki."

Ya kai hular gidan Evaristo a cikin leda, an wanke ta an goge. Doña Chayo ce ta ba ni labarin. Ya ajiye ta a tebur ya ce shi bai ci komai ba, a ba yarinya abinta. Evaristo yana zaune da ƙafa a kan matashi, bai taɓa ledar ba.

"Taka ce, compadre. Ka ci."

"Na ci me? Ina tsaye kamar jaki ina neman iska!"

"Baba, ni zan saka ta a haka," in ji Nayeli. "Wa ya damu?"

"Ni na damu. Duk wanda ya gan ki a ciki, tsohon da ya kwanta a siminti yana barci zai tuna. Abin da na ce zan ba ki, babu shi kuma."

Cuco ya ce to ta ɗauki hular Mujiya, ita ba ta faɗi ba. Nayeli ta sumbace shi a goshi ta ce ta gode, amma ba ita aka yi mata alkawari ba. Aka ci abinci. Da zai tafi, Doña Chayo ta saka masa ledar a hannu. Hular tana shagon ƙanwarsa yanzu, a cikin durowa.

Nayeli tana nan da hularta mai ruwan goro. Ta tashi daga wasan farko zuwa na uku, ta sami abokiyar haɗi daga Chalco, kuma tana da kyau a aikin. Babanta yakan tsaya a bakin labule ya kalle ta, ba ya cewa komai sai ta sauko, sannan ya gaya mata inda ta yi gaggawa.

Cuco bai huta ba. Ya ce mutum ɗaya ya yarda ya cire masa hula, kuma Don Melquíades ya ce babu mai sayen tikiti ya ga wasa ɗaya sau biyu. Ba zai iya hawa da wani abokin haɗi ba, domin babu wanda ya san yadda idonsa yake. Don haka da gwiwar ta sace, Evaristo ya koma. Suna wasa Lahadi biyu a wata, Mujiya da hularsa, shi kuma da fuskarsa a buɗe. Jama'a sun daina ce masa matsoraci. Yanzu in ya mirgina waje sai su fara ƙirga da ƙarfi suna dariya, ko da abokinsa ya riga ya shiga.

Na sami Evaristo a rumfa makon jiya, ya kwance wata blenda ya baza kayan cikinta a kan jarida. Na tambaye shi ko har yanzu yana bugun nan biyu.

Ya ɗago ya dube ni kamar na tambayi abin da ba shi da kai.

"To in ban buga ba, wa zai gaya masa?"

Ya yi atishawa, ya gyara ƙafar a kan bokiti, ya ce in miƙo masa ƙaramin sukundireban da ke kusa da hannuna.